Ƙwallon da ke Faɗuwa Tsakanin Gwaggo da Ɗiyarta

Abubuwa da yawa na zamanin ɗalibta sai an tuna min nake tuna su yanzu, amma akwai guda ɗaya da ban ga ranar da zai fita daga raina ba. Ya faru ne a zangon da kwalejinmu ta tura mu koyon aikin koyarwa, ni kuma rabona ya faɗa wata ƙaramar sakandare a Tungan Maje, nan kan hanyar Gwagwalada. Lissafi aka ba ni in koyar. Da wani ya ce min a lokacin zan bar makarantar nan da labarin wasan badminton a bakina, da na yi masa dariya, domin ko raket, abin buga ƙwallon wasan, ban taɓa riƙewa ba.

Ni tun asali ba mai yawan magana ba ce. A ɗakin malamai kujerar lungu nake nema, in buɗe littafi in sunkuyar da kai, ina addu'ar kada kowa ya tambaye ni komai. Wannan halin ne ya jawo min aiki. Akwai malamin wasanni, wani dattijo mutumin wajen Bwari, wanda manya da yara duk Oga Koci suke ce masa. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Wata rana ya zo ya tsaya a kaina, ya ajiye min wani ɗan siririn littafi a kan tebur.

"Malama, kullum kai da littafi. To ga wani, karanta wannan ka gaya min abin da ke ciki. Ni idona ya gaji."

Littafin dokokin badminton ne. Ya yi min bayani cewa a ƙarshen zango za a yi gasar 'yan bibbiyu tsakanin makarantu a cikin gari, kowace makaranta za ta kawo maza biyu da mata biyu. Masu shirya gasar sun kafa sharaɗi: yaran da kansu za su riƙa yin alƙalancin wasannin wasu makarantu, saboda haka duk wanda bai iya alƙalanci ba, ba za a karɓe shi ba, komai iya bugunsa. Shi zai koya musu bugu, ni in koya musu doka da zama a kujerar alƙali. Ya ƙara da cewa iyayen 'yan mata sun fi sakin jiki idan akwai malama mace a wurin bayan an tashi. Na so in ce a'a, amma faɗin a'a ma magana ce, sai na ce to.

A ɗakin taron makarantar muke yi. Wanda bai san wasan ba ba zai gane wahalarsa ba: ƙwallon nan ɗan ƙarami ne mara nauyi mai gashin tsuntsu, iska kaɗan ta isa ta karkatar da shi, don haka dole a kashe fanka a rufe tagogin gefe ɗaya. Ga rufin kwano, ga ranar la'asar. Kafin a yi nisa hijabin kowa ya jiƙe sharkaf. Layukan fili da fenti muka ja, ni na riƙe igiyar awo, kuma sai da na sa aka goge wani layi aka sake shi saboda ya kauce da faɗin ɗan yatsa. Oga Koci ya dube ni ya girgiza kai, ya ce, "Wannan Malama, ko tela bai kai ka ba."

Kujerar alƙali kuwa, kujerar aji ce muka ɗora a kan teburin malami, yaro ya taka benci ya hau. A can sama nake koya musu abin da ya fi rikita mutane a wasan bibbiyu, wato sanin wanda zai yi sabis, bugun fara wasa kenan, da ɓangaren da zai tsaya, da wanda ya kamata ya karɓa a ɗaya gefen. Na koya musu cewa idan raket ko jiki ya taɓa raga ana cikin wasa laifi ne, kuma alƙali ne zai faɗa da ƙarfi nan take. Littafin yana da kalmarsa ta wannan laifin, amma yaran sun riga sun saba da fawul daga ƙwallon ƙafa, na yi na yi suka ƙi saki, har na haƙura. Abin dariya shi ne ni mai koyar da ɗaga murya, tawa muryar ba ta kai ƙarshen ɗakin. Sau da yawa Oga Koci ne ke maimaita abin da na faɗa, kamar mai tafinta a wurin wa'azi.

Cikin 'yan matan akwai biyu da duk makarantar ta sani. Ajinsu ɗaya, gidansu ɗaya, amma ɗaya ƙanwar mahaifin ɗayar ce. Gwaggon ita ce auta a ɗakinsu, 'yar ƙarama, baƙa, mai bakin tsiya da dariya, kuma a shekaru ma 'yar yayan nata ta ɗan girme ta. Wannan bai hana ta jan girmanta ba. "Ɗiyata" take ce mata a gaban kowa, har sunan ya bi su, aka koma kiransu Gwaggo da Ɗiya. Ita Ɗiya doguwa ce, shiru-shiru, mai dogon hannu. Kullum za ka ji Gwaggo tana cewa, "Ɗiyata, ɗauko min jakata," ko "Ɗiyata, je ki sayo mana ruwan leda," ita kuwa ta zabura da gudu ba ko tsaki. Tun ranar farko Oga Koci ya ce bai taɓa koyar da yarinya mai hannu kamar Ɗiya ba. Idan ta yi tsalle ta maka ƙwallo ƙasa, ƙarar har waje ake ji. Gwaggo kuma a gaban raga take da wayo, ta ɗan taɓa ƙwallo ya sulale ya faɗi inda ba a zata ba.

Mahaifin Ɗiya, wato yayan Gwaggo, kayan marmari yake sayarwa a wajen Zuba, kuma da can idan an tashi makaranta rumfarsa suke wucewa su taya shi jera lemo da yanka kankana. Da ƙyar Oga Koci ya shawo kansa. Ya yarda bisa sharaɗi biyu: tare za su yi wasa su dawo gida tare, ba mai raba su, sannan zango ɗaya ya ba su. Idan makaranta ta zaɓe su su wakilce ta, ya san abin na gaske ne, su ci gaba. Idan ba a zaɓe su ba, su ajiye raket su koma rumfa. Gwaggo takan mayar da zancen wasa, amma Ɗiya ba ta taɓa yin dariya a kansa ba. Ita ce ta farkon zuwa ɗakin taro, ita ce ke share fili, kuma na sha ganinta tana gyara gashin tsofaffin ƙwallaye da yatsa ɗaya bayan ɗaya don kada a jefar da su.

Da mun ɗauka zaɓensu a hannu yake, sai wata matsala ta ɓullo wadda ba ta cikin littafina. Duk ƙwallon da ya zo gefen Ɗiya, ta gama da shi. Duk wanda ya zo gefen Gwaggo, takan san yadda ta yi. Amma idan ya biyo ta tsakiyarsu, sai Ɗiya ta ɗaga raket, ta kai rabi, ta janye hannu ta ja da baya. Gwaggo kuma ta ga doguwa ta taso, sai ta kauce mata. Ƙwallo ya sauko a hankali ya zauna a tsakaninsu, su biyun suna kallonsa. Ba a daɗe ba sauran yaran suka gane. Kowa ya daina wahalar neman kusurwa, tsakiya kawai ake aunawa.

Na koma ga littattafai, don nan ne kaɗai na san hanya. Na karanta cewa ƙwallon tsakiya na wanda ya zo masa ta hannun dama ne. Na bayyana musu, suka ce sun gane. Na ja layi da alli na raba musu fili biyu. Na zana musu hoto a allo har da kibiyoyi. Duk a banza. Daga ƙarshe na ce wa Ɗiya, abin da 'yan wasa ke yi shi ne wanda zai ɗauka ya yi ihu ya ce "Nawa ne!" ko "Bari!" don ɗayan ya kauce.

Ta zaro ido. "Malama, Gwaggo zan ce wa bari?"

"A fili ne ai. Wasa ne."

"Malama, a gida ko kwano ɗaya aka zuba mana, ban isa in riga ta sa hannu ba. Yanzu kuma in daka mata tsawa a gaban mutane, in ture ta in ɗauki abin da ta miƙa wa hannu? Wallahi bakina ba zai iya ba."

Ni ma da irin wannan tarbiyyar aka raine ni. Kara ce take yi mata, irin wadda ake yabon yaro da ita a gida. Abin da ya sa ake ce mata 'yar kirki a unguwa, shi ne yake cinye musu maki a fili.

Ana saura kamar mako guda a yi gasar cikin gida da za a fitar da wakilai, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Ranar gwajin alƙalanci ce, kowa zai hau kujera bi da bi. Da aka zo kan Ɗiya, sai ya zamana Gwaggo na cikin masu bugawa, an haɗa ta da wata yarinya don a cike fili. Ɗiya ta fara da kyau ƙwarai. Ba ta rikita maki ba, ba ta manta mai sabis ba, har ta gyara wa wata da ta tsaya a ɓangaren da ba nata ba. Ina ta jin daɗi a raina. Can wasa ya yi zafi, Gwaggo ta zabura gaban raga ta danna ƙwallo ƙasa, bakin raket ɗinta ya shafi raga. Ragar ta girgiza, kowa ya gani. Na ɗaga kai na dubi Ɗiya. Ta buɗe baki, ta dubi Gwaggo, ta sunkuyar da kai, ta ba su makin.

Ɗakin ya kaure. "An yi kara! An yi kara!" Wani yaro mai tsokana ya ce, "Alƙaliya ta ga gwaggonta, shari'a ta tashi!" Yaran da aka zalunta suka ajiye raket suka ce ba za su ci gaba ba. Ɗiya ta sauko daga kujera tana hawaye ta fita.

Oga Koci bai yi faɗa ba, amma abin da ya ce ya fi faɗa nauyi. "Malama, yaron nan ya iya wasa, ya iya lissafi. Amma in ba zai iya kama nasa ba, ba zan kai shi gari ba. Ko sun ci kowa a nan, sai na gani da idona ya hau kujera ya faɗi gaskiya a kan gwaggonsa. In ba haka ba, wasu za su tafi."

Na same su a baranda. Ɗiya na zaune ta haɗa kai da gwiwa, Gwaggo na tsaye a kanta ta riƙe ƙugu, ranta a ɓace fiye da na kowa.

"Wa ya roƙe ki? Na ce miki ina son makin sadaka ne? Kin mayar da ni abar dariya, yanzu kowa zai ce sai an taimaka min nake ci!"

Na tattaro ɗan ƙarfin halin da nake da shi na sa baki. Na ce su saurare ni, daga yau idan sun taka layin fili su ajiye zumunci a waje. A cikin fili babu gwaggo babu ɗiya, 'yan wasa ne kawai. Na daɗe ina shirya wannan jimlar a zuciyata, kuma a ganina ta yi kyau.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "A'a Malama, a nan kam ba mu shirya ba. Ni gwaggonta ce ko a cikin jirgin sama. Fenti ne zai cire min girmana?"

Ɗiya da ke kuka sai da ta yi ɗan murmushi. Ni kuwa na koma gida ranar jikina a sanyaye. Na gane cewa duk dabarun da na kawo abu ɗaya suke nema, wato yarinyar nan ta daina zama yadda aka raine ta na tsawon awa guda kullum, kuma ba ta da niyyar yin haka. Wata dabarar kuma ban da ita. Kwanakin da suka rage muka ci gaba da atisaye, ƙwallon tsakiya ya ci gaba da faɗuwa, ni kuma na fara tunanin yadda zan kalli Ɗiya ranar da za ta miƙo raket ta ce sai wata rana.

Ranar gasar ta kama Asabar da safe. Yaran ne suka gudanar da komai, kamar yadda za a yi a gari: alƙali a sama, masu duba layi a kan benci a kusurwoyi, mai kiran sunayen masu shiga fili. Ni aikina in zauna kusa da teburin alƙali in yi shiru, wanda dama shi na fi iyawa. Na ji daɗin yadda suka riƙe abin. Wata 'yar aji ɗaya da ko gaisuwa a ciki-ciki take yi, ranar ta dakatar da wasa ta ce a sake sabis don mai karɓa ba ta shirya ba, kuma manyan suka bi.

Gwaggo da Ɗiya suka tsallake wasanninsu na farko da ƙarfin hannun Ɗiya kawai. Ana shirin wasan ƙarshe na mata sai na hango wani mutum a tagar da muka bari a buɗe, dogo, da hula a karkace da tawul a kafaɗa. Ban taɓa ganinsa ba, amma tsayinsa ya gaya min ko wane ne. Ya bar rumfa ya zo ya gani da idonsa. Ɗiya ma ta gan shi, na ga yadda ta sake damƙe raket.

Abokan karawarsu wasu 'yan aji uku ne guda biyu, ƙawayen juna, masu natsuwa, kuma sun zo da shirinsu. Tun daga bugun farko tsakiya suke aunawa, ba su ɓoye ba. Zagayen farko bai ɗauki lokaci ba. Ƙwallo ya faɗi tsakanin Gwaggo da Ɗiya har na daina kallo, na koma kallon ƙafafuna. Aka cinye su da tazara mai yawa. A wasan nan wanda ya ci zagaye biyu cikin uku shi ya yi nasara, don haka saura ɗaya zancen ya ƙare. A ɗan hutun da ake bayarwa na je wurinsu da ruwa, na buɗe baki in sake maimaita zancen hannun dama, sai na ga ba amfani, na miƙa musu ruwan kawai.

Aka sauya gefe, aka shiga zagaye na biyu. Ba a jima ba aka sake turo ƙwallon tsakiya, ya sake zama a ƙasa. Yaran da ke kallo suka fara waƙar tsokana. Nan Gwaggo ta ƙule. Ta juya wa raga baya, ta riƙe ƙugu, ta fuskanci Ɗiya da irin muryar da take mata magana a gida.

"Ke wai ni kike jira? Kina ganin tsawona, ina zan kamo wannan? To ki buɗe kunnenki. Daga yanzu aikenki nake yi. Duk wanda na ce je ki, ki je ki ɗauko min shi, kuma kada ki dawo min hannu rabbana!"

Alƙalin ya ce a ci gaba da wasa. Aka yi sabis, aka mayar, 'yan aji ukun suka ɗaga shi sama ta tsakiya kamar yadda suka saba. Gwaggo ta durƙusa ta kauce, ta ƙwala ihu, "Je ki!"

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ɗiya ba ta yi ko ɗar ba. Ta taso daga baya, ta tashi sama, ta maka ƙwallon nan a ƙasa tun kafin waɗancan su ɗaga raket. Ɗakin ya fashe da ihu. Oga Koci ya dafa kafaɗar yaron da ke kusa da shi yana cewa, "Ka gani? Ka gani?"

Daga nan wasa ya sauya. Idan ƙwallo ya zo gajere, Gwaggo ta ce "Ni!" ta taɓa shi. Idan ya yi sama, "Je ki!" Wani lokacin har da ƙari: "Ɗauko min!" "Maza, ɗiyata!" Sau ɗaya Ɗiya ta buga ya fita waje, Gwaggo ta ce, "Aiken kenan? Na aike ki kasuwa kin wuce tasha!" Har abokan karawar sai da suka yi dariya. Ita Ɗiya ba ta ce uffan ba daga farko har ƙarshe, ba ta daka wa kowa tsawa ba, ba ta ƙwace komai daga hannun babba ba. Aike ne aka yi mata, kuma a duniya ba abin da ta iya kamar zuwa aiken Gwaggo. Suka ɗauki zagaye na biyu.

Na uku ya yi tsanani, don 'yan aji ukun ba sakarkaru ba ne. Da suka ga tsakiya ta toshe sai suka koma matsa wa Gwaggo a kusurwarta, suna gajiyar da ita. Maki ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Gwaggo tana haki, muryarta ta dishe, amma ba ta daina aike ba. Bugun ƙarshe ma ba wani mai ƙarfi ba ne: an ɗago shi tsakiya, Gwaggo ta ce "Je ki" da ragowar muryarta, waɗancan suka ja baya suna jiran dukan Ɗiya, ita kuwa ta ɗan shafa shi ya faɗi dab da raga. Mai duba layi ya nuna ciki. Sun ci.

Yara suka cika fili, amma Oga Koci ya ɗaga hannu. "Tukuna. Saura ɗaya." Ya nuna wa Ɗiya kujerar alƙali. Ya kira Gwaggo da wasu 'yan mata uku su shiga fili. Murnar ta tsaya cak, don kowa ya tuna abin da ya faru a makon da ya wuce. Ɗiya ta hau kujera.

Kafin a fara, Gwaggo ta taka har gindin kujerar, ta ɗaga kai, ta yi magana yadda kowa zai ji, har mai tsaye a taga.

"Ɗiyata, wani aiken ne. Duk wanda ya yi laifi a filin nan ki kamo min shi. Ko ni ce. In kika rufa min asiri, ni da ke ne a gida."

Aka fara. An yi 'yan bugu kaɗan lafiya, sai ƙwallo ya zo gaban raga, Gwaggo ta kai masa hannu, raket ɗinta ya daki ragar. Har yau ban sani ba ko da gangan ta yi ko gajiya ce, na tambaye ta daga baya ta ce in bar kaza cikin gashinta. Kowa ya ɗaga kai sama.

"Fawul," in ji Ɗiya, a hankali.

Gwaggo ta sa hannu a bayan kunne. "Ban ji ba!"

"Fawul, Gwaggo! Kin taɓa raga!"

Ɗakin taron nan kamar rufinsa zai tashi. Gwaggo ta juya ga 'yan kallo tana buga ƙirji. "Kun ji ko? Ni na raine ta!" Oga Koci yana dariya har da share ido, ya ce, "Shi ke nan, ku shirya, za ku gari."

Da na fito na tarar da mahaifin Ɗiya a baranda, su biyun sun durƙusa a gabansa. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi min sannu da ƙoƙari, ni kuwa kunya ta kama ni don na san ba dabarata ba ce. Ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Ke auta, ashe bakin nan naki yana da ranarsa." Sannan ya ce wa 'yarsa, "Rumfa ba za ta gudu ba. Ku je ku yi abinku." Ɗiya ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa, ba ka iya cewa kuka take ko dariya.

A gasar gari ba su ɗauko kofi ba, an fitar da su ana dab da wasan ƙarshe. Amma Ɗiya ta yi alƙalancin wasanni da dama ba wanda ya yi ƙorafi, kuma na ji malaman wasu makarantu suna tambayar wace ce 'yar ƙaramar nan mai aike a fili. Zangona ya ƙare na koma kwaleji, na bar su suna ci gaba da wasa.

Yanzu na yi shekaru ina koyarwa, kuma abin da yaran nan suka koya min ya fi amfanata a kan yawancin abin da na haddace don jarrabawa. Na zo musu da niyyar cire wani abu daga jikinsu don wasa ya shiga, na ɗauka ladabin da aka koya musu a gida shi ne cikas. Yarinyar da ko littafin dokar ba ta karanta ba ta nuna min cewa ta cikin ladabin nan ma akwai hanya. Tun daga lokacin, idan na ga ɗalibi ya toge a kan abu, ba na saurin cewa ya watsar da halinsa. Nakan fara tambayar yadda ake yi a gidansu, wa yake jin maganarsa, me ya riga ya iya, sannan in nemi ƙofa ta nan. Da ɗan gari akan ci gari, kuma sau da yawa ɗan garin yana zaune a cikin ajin, yana jira malama ta yi shiru ya yi magana.